RANAR LARABA A ƘASAR FARANSA

Ran Litinin 2 ga watan Satumba 2024, wadda ta zo daidai da ƙarshen watan Safar na shekara ta 1446 bayan Hijira, yara kimanin miliyan 12 suka koma makaranta a ƙasar Faransa bayan hutun wata biyu. Allah ya nufa wannan rana ta same mu a can, muna baƙunci a gidan wani ɗan'uwa Musulmi, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe yana neman abinci a wani gari arewa da birnin Faris, cikin lardin da ake kira Seine-Saint-Denis. Wata lalura dabam ta kai mu, amma abin da muka gani a gidan nan cikin kwana huɗu shi ya fi tsaya mana a rai, shi ne kuwa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatun wannan fili.

Faransawa suna kiran wannan lokaci "la rentrée", watau komowa. Ba 'yan makaranta kaɗai ke komowa ba. A watan Agusta birnin yakan yi tsit, ma'aikata da 'yan siyasa da masu kantuna da yawa sun tafi hutu, sa'an nan da Satumba ta kama sai kowa ya dawo lokaci guda, tamkar yadda ƙauyukanmu kan cika da 'yan ci-rani idan damina ta faɗi. Makaranta takan ba kowane yaro takarda mai tsawo ta kayan da zai zo da su, har da girman littafin rubutu da launin bangonsa. Gwamnati kuma tana ba iyaye masu ƙaramin ƙarfi kuɗin sayayya tun cikin Agusta, tsarin da aka soma a 1974. A 2024 kuɗin ya ɗara Yuro 400 ga kowane yaro daga ɗan shekara 6 zuwa 18. Makarantar gwamnati kyauta ce. Ta wannan fuska dai babu abin kushewa, har mukan yi fatan a ce haka yake a wurinmu.

Mai masaukinmu gadi yake yi a wani babban kanti, awa goma sha biyu a tsaye, ban da awa guda ta tafiya da awa guda ta dawowa a jirgin ƙasa. Uwargidansa kuwa aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Takan fita tun ƙarfe shida ta tashe su, ta yi musu wanka, ta ba su abinci, ta dawo da azahar, sa'an nan ta sake fita da yamma ta kwantar da su. 'Ya'yansu uku: budurwa 'yar shekara 13, da yaro ɗan shekara 8, da auta wadda ta cika uku a farkon shekarar. Suna zaune a hawa na huɗu na wani dogon bene. Babu zaure, babu tsakar gida, babu kaka ko gwaggo da za a bar wa yaro a ce ina zuwa.

Da asuba ba ladan ya tashe mu ba, wayar maigida ce ta yi kiran salla a hankali daga ƙarƙashin matashi, domin masallatan ƙasar galibi ba su sa lasifika a waje, maƙwabcin da ke bayan bango kuma yana barci. Muna idar da salla uwargida ta fita. Daga nan maigida ya zama uwa ya zama uba: ya dafa madara, ya yanka burodi, ya nemo takalmin da ya ɓace, ya gyara wa auta kitson da uwarta ta yi mata da dare. Muka taya shi da abin da muka iya, wanda bai taka kara ya karya ba. Ƙarfe takwas da minti ashirin aka buɗe ƙofar makaranta, takwas da rabi aka rufe. Auta ta riƙe ƙafar wandon ubanta tana kuka, malama ta ɓanɓare ta da lallashi, shi kuwa ya juya da sauri don kada jirgi ya tafi ya bar shi. Ba da son ransa ya kai ta tana wannan ƙuruciya ba. Tun 1882 ilmi tilas ne a Faransa daga shekara 6, amma a 2019 aka sauko da shi zuwa shekara 3. Watau lokacin da yaronmu na gida yake fara bin yayyensa makarantar allo yana riƙe musu tawada, a can ya riga ya shiga hannun gwamnati wuni guda.

Babbar 'yar ita kaɗai take tafiya makarantarta ta sakandare, amma ran nan mun raka ta. Da muka iso bakin ƙofa ta tsaya, ta zare ɗankwalinta, ta ninke shi ta sa a jaka, ta shige ba ta waiwayo ba. Wasu 'yan mata biyu a gabanta haka suka yi. Dalili kuwa ita ce dokar 15 ga Maris 2004, wadda ta hana ɗaliban makarantun gwamnati, ban da jami'a, sa duk wata alamar addini mai fitowa fili, ko lulluɓin Musulma, ko 'yar hular Yahudawa, ko babban gicciye. Rigimar ta samo asali tun 1989, sa'ad da aka kori 'yan mata uku daga aji a garin Creil saboda lulluɓi. A ƙarshen Agusta 2023 kuma Ministan Ilmi na lokacin, Gabriel Attal, ya ƙara da hana abaya. A ranar komawa ta shekarar nan, bisa ga lissafin da shi da kansa ya bayar, 'yan mata 298 suka zo da ita, 67 suka ƙi cirewa aka mai da su gida. Babbar kotun da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati ta goyi bayansa. Wani abin mamaki shi ne dokar ba ta hau kan makarantu masu zaman kansu ba, waɗanda mafi yawansu na cocin Katolika ne, har ya zama wasu iyaye Musulmi can suke kai 'ya'yansu mata. Sai dai da kuɗi ake shiga, mai masaukinmu kuwa ba shi da su.

Sai batun abinci. Ana tashi ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, a koma ƙarfe ɗaya da rabi, wanda iyayensa ke aiki kuwa a makaranta zai ci, a biya gwargwadon samun gidansu. A Disamba 2020 kotun nan da muka ambata ta yanke cewa ba a tilasta wa hukumar gari ta ba da wani abinci a madadin naman alade ba, ba a kuma hana ta ba. Saboda haka abin ya koma ga halin masu mulkin kowane gari. A garin da muka sauka akwai takardar da uba zai cika, ya zaɓi "ban da alade" ko "ban da nama". Malamai sun yi saɓani a kan yankan Ahlul Kitabi a irin waɗannan ƙasashe, inda na'ura ke yawancin aikin. Mai masaukinmu bai shiga gardamar ba, ya zaɓi ban da nama, ya ce kifi da ƙwai ba su taɓa kashe kowa ba. A ganinmu ya kyauta.

Waɗannan abubuwa biyu, lulluɓi da alade, su ne rediyo da jaridu suka fi kawo mana, mu ma da su muka je a ka. Amma da muka zauna da maigida da dare, ya jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi, sai muka tarar ba su ne ke hana shi barci ba. Ya ce, "Malam, ɗankwali ana cire shi a mayar. Ni lokaci ne ba ni da shi." Sa'an nan ya ba mu labarin ranar Laraba.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da Jules Ferry ya fitar da koyar da addini daga makarantun firamare na gwamnati da dokar 28 ga Maris 1882, bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Dokar ta ajiye rana guda a mako, ban da Lahadi, wadda ba za a yi makaranta ba, domin iyayen da suke so su kai 'ya'yansu a koya musu addini a wani wuri dabam da ginin makaranta. Ranar Alhamis aka ware, har zuwa 1972 da aka mai da ita Laraba. Don 'ya'yan Kirista aka yi, gama a lokacin Musulmi ba su da yawa a ƙasar. Babban Masallacin Faris ma sai a 1926 aka buɗe shi, don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma dokar ba ta ambaci wani addini ba, tana nan kuma har yau. A yawancin garuruwa 'yan firamare ba su zuwa ran Laraba sam, 'yan sakandare kuwa sukan tashi da tsakar rana. Mun yi murmushi da muka ji zancen Alhamis, domin mu a makarantar allo ita ce ranar da ake ajiye allo a huta, su kuwa ita ce ranar da suka keɓe wa karatun addini.

To, an ba yaro rana, amma ba a ba uwarsa da ubansa ba. Tsofaffi suna bukatar wanka ran Laraba kamar kowace rana, kanti kuma a buɗe yake. Matan Faransawa da yawa masu albashi mai kauri sukan roƙi a rage musu aiki zuwa kwana huɗu don su zauna da yara a ranar. Wanda ba shi da wannan hali sai ya kai yaro gidan wasanni na hukumar gari, inda za a kula da shi da kyau, a koya masa zane da iyo da ƙwallo, har ƙarfe shida. Shekara biyu ke nan ɗan mai masaukinmu yana can. Bari mu yi lissafi kaɗan. Ɗan firamare yana zama a aji awa 24 a mako, mako 36 a shekara, watau awa 864. Ajin masallacin unguwarsu awa uku ne a mako, wanda ko ba a yi fashi ba bai wuce awa 108 ba. Wannan kaɗan ɗin ma shi ne yaron bai samu ba. Yana da shekara 8, Faransancinsa kamar ruwa, in an yi masa Hausa ya ji amma ya amsa da Faransanci, a karatu kuwa bai wuce surori huɗu ba. Ubansa ya ce shi a wannan shekaru ya kai izu biyar, ba don iyayensa sun fi shi himma ba, sai don a Maraɗi unguwa ce ke karantar da yaro. Ko uba yana gona ko yana fatauci, makaranta tana zauren maƙwabci, safe da yamma, wanda duk ya ga yaro yana yawo kuma zai kora shi can.

Sun gwada malami ta waya. Wani almajirin mahaifinsa a Maraɗi yakan kira ta WhatsApp bayan magariba, amma magaribar Maraɗi dabam, ta Faris dabam. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa kafin biyar ta faɗi, ga kuma sauyin agogo da suke yi sau biyu a shekara. In malam ya samu sarari yaro ya yi barci, in yaro ya samu sarari babu wuta a wayar malam. Abin bai yi wata uku ba ya watse.

Saboda haka a wannan komowa suka yanke shawara. Uwargida ta ajiye aikin Laraba daga azahar zuwa dare. Abin da za ta rasa a wata ya kusan kai abin da suke aika wa mahaifiyar maigida, ba su kuwa da inda za su cike gurbin sai dai su rage aiken. Maigida ya buga wa tsohuwa waya a gabanmu, yana ta kewaye-kewaye, ya kasa fitar da maganar. Ita ta gane. Muka ji ta tana cewa, "Kai dai ka sa mini mai sunan Malam a karatu, gero bai ƙare ba tukuna." Wannan mas'ala ce da muke so malamanmu su duba, gama haƙƙin uwa da haƙƙin ɗa ne suka haɗu a kan kuɗi guda, kuma ba gidan nan kaɗai ba ne.

Ran Laraba 4 ga wata da ƙarfe biyu muka bi uwargida da yaron zuwa masallacin. Tsohon ɗakin ajiyar kaya ne aka gyara, babu hasumiya, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Tun dokar 1905 da ta raba addini da mulki, gwamnati ba ta biyan limami ko malami, saboda haka iyaye ke biyan kuɗin shekara. Mun tarar da layi har waje: mutanen Aljeriya da Maroko, da na Mali da Senegal, da na tsibiran Komoros, kusan duka mata, wasu da rigar aiki a ƙarƙashin mayafi. Aka rubuta yaron, saura gurbi uku a rufe ajin. Babbar 'yar aka ce sai ajin Lahadi da safe, auta kuwa sai ta kai shekara shida.

Malamin dattijo ne mutumin Aljeriya. Ya zaunar da yara wajen ashirin da biyar a kan kujeru, allo guda a bango, bayani da Faransanci. Da ya buɗe baki ya soma biya musu sai muka ji ruwayar Warshu ce, irin wadda aka biya mana muna yara, domin mu da mutanen Magrib karatunmu ɗaya, mazhabarmu ta Malikiyya ɗaya. Uwargida ta ɗaga waya daga bakin ƙofa ta ɗauki muryar ta aika wa mijinta. Ba a yarda ya duba waya a bakin aiki ba, sai ƙarfe huɗu da aka ba shi hutun minti ashirin, wanda a ciki yake yin azahar a lungun da suke canja tufafi, sa'an nan ya saurara.

Kashegari da safe muka yi sallama. Ya raka mu tasha bayan ya ajiye yara, yana duba takardar aikin sabon wata da aka ba shi. An sa shi Lahadi biyu, uwargida ma tana da tsofaffinta a safiyar Lahadi, masallacin kuwa sai an shiga bas biyu. Muka bar shi yana neman abokin aikin da zai yarda su yi musaya.