Ƙwaryar da na ba sifili

Na daɗe ina koyar da zane a wata makarantar sakandare, kuma akwai alhakin wani yaro da har yau yake wuyana. Na ba 'yan aji aikin gida, kowa ya kawo abin da ya zana da hannunsa. Shi yaron, ɗan gidan masu gyartai da zanen ƙwarya ne, sai ya kawo ƙwarya wadda ya yi wa ado da wuƙa mai zafi, layuka sun sarƙe da juna, ko ɗaya bai kauce ba. Na ɗaga ta a gaban aji na ce wannan kayan kasuwa ne, makaranta ba ta san da shi ba. Na ba shi sifili, na ce ya je ya zano kofi da inuwarsa kamar kowa. Aji ya kwashe da dariya. Da aka dawo hutu ya bar darasina.

Ban gane girman ɓarnar ba sai da na karanta tarihin Kenneth Murray, Baturen Ingila da ya zo Najeriya a 1927 don koyar da zane. Ya koyar a Legas da Ibadan da Umuahia, kuma abin da ya dage a kai shi ne ainihin abin da na hana. Yakan sa ɗalibansa su lura da aikin masassaƙa da maginan tukwane na garuruwansu, su zana rayuwar da suka sani, su daina kwafar hotunan littattafan Turai. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Ben Enwonwu, ɗan wani masassaƙi daga Anaca, wanda daga baya ya sassaƙa mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth. A 1937 Murray ya kai ayyukan ɗalibansa baje koli a Landan. Da Enwonwu a ajina ya faɗo, wa ya san makin da zan ba shi?

Daga aji Murray ya koma aikin adana kayan tarihi. A 1943 aka ba shi alhakin bincikensu a faɗin ƙasa. Ya yi ta yawo yana ɗaukar hoto, yana rubuta sunan gari da amfanin kowane abu, yana kuma matsa wa gwamnati kan a hana fitar da su waje, har aka yi dokar 1953. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa, ya buɗe a 1952, na Legas kuma a 1957. A Oron ya tattara sassaƙen kakanni da ake kira ekpu sama da 600; yaƙin basasa ya watsa mafi yawansu, amma rubuce-rubucensa da hotunansa sun tsira. Ya rasu a hatsarin mota a 1972.

Ba na ɗaukarsa mutum marar aibi. Ya ƙi sakar wa ɗalibansa dabarun zanen Turai, kamar dai ɗan Afirka bai kamata ya wuce abin da ya gada ba, kuma Aina Onabolu, wanda ya riga shi koyar da zane a Legas, bai bi wannan hanya ba. Shi kansa Enwonwu sai da ya tafi makarantar Slade a Landan ya ƙaro sani. Amma Murray ya gane cewa yaro yana shigowa aji da ilimin gidansu, malami kuwa a kansa zai ɗora. Ni, ɗan ƙasa, wanda ya sha fura a ƙwarya tun yana rarrafe, na kasa ganin haka.

Yanzu makon farko na kowane zango nakan tambayi ɗalibai sana'ar gidajensu. Nakan kai su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, kowa da littafinsa, ya rubuta wa ya yi abu, da me aka yi shi, kuma don me. Zanen kofi da inuwa yana nan, sai dai ya koma zango na biyu.