Ba duk mai ƙaho ne barewa ba

Jama'a, da zarar rani ya kama, aka fara zuwa Yankari, sai hotuna su fara cika Facebook. Duk dabbar da aka ɗauko daga nesa, in dai tana da ƙafa huɗu da ƙaho, sai a rubuta a ƙasanta: "Ga barewa." Babba barewa, ƙarama barewa, ja barewa, mai ruwan toka ma barewa. Alhali barewa tana cikin namun dajin da aka daɗe da daina gani a Yankari, ita da raƙumin dawa da rabbi da kyarkeci. Ko mene ne kuka ɗauko, da wuya a ce ita ce.

Kuma ba ido ne ba mu da shi ba. Ka kai ɗan birni kara ana jajibirin Babbar Sallah, daga bakin ƙofa zai ce maka wannan bunaji ne, wancan rahaji, mai guntun ƙahon can bokolo, a raguna kuma ya ware maka uda da balami bai taɓa ko ɗaya ba. Irin wannan kallon daji yake so. Matsalar ita ce muna shiga motar zagaye da sunaye biyu a baka, giwa da zaki, duk abin da ya gilma wanda ba su ba sai mu ce direba ya wuce.

Dajin Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962. Da rani, idan tafkuna suka ƙafe, dabbobi kan taru a kwarin kogin Gaji, shi ya sa yawancin abin da za ka gani a nan za ka gan shi. Manyan masu ƙaho uku ne aka fi rikitawa, kuma da ka san inda za ka sa ido, ba za ka sake haɗa su ba.

Fara da fuska. In ka ga dabba mai tsayi, jikinta ja-ja mai sirkin toka, fuskarta baƙi da fari kamar an yi mata zane, kunnuwanta dogaye sun baje gefe da ɗan tukku a ƙarshensu, to gwanki ne. Ƙahonsa mai gaɓa-gaɓa ne, ya lanƙwasa baya, yana da geza a tsaye a bayan wuya, babban namiji kan doshi kilo 300. Mace da namiji duk suna da ƙaho, na namijin ne dai ya fi kauri. Gwanki ba ya firgita da wuri. Yakan ruga kaɗan, ya tsaya, ya waiwayo ya ƙare maka kallo, a wannan tsayuwar ce za ka ga fuskar sosai. A wurina duk dajin babu wanda ya kai shi kwarjini, har da zakin da ake rububi.

Kanki kuwa ko a inuwa ka hango shi za ka gane, don ƙirarsa daban take. Kafaɗa ta ɗara ƙugu tsawo, bayan ya gangara, fuska doguwa siririya, ƙahonin sun fito daga wani tudu a tsakar ka, suka buɗe, suka tashi, sannan tsininsu ya karya baya. Kallon farko za ka ce ba zai iya gudu ba, amma yana cikin masu sauri da juriya. Sau da yawa garke na kiwo, ɗaya ya hau kan suri ya tsaya ƙyam yana gadi. In ka hangi dabba a kan suri ba ta motsi, kada ka tsaya kanta kawai, duba ciyawar da ke ƙasa, sauran suna nan.

Na ukun shi ne gwambaza, mai gashi buzu-buzu musamman a wuya, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, da fari fat a ɗuwawu wanda za ka gani idan ya ba ka baya. Namiji kaɗai ke da ƙaho, dogo, ya yi baya sannan ya karkato gaba. Ba ya nisa da ruwa ko kaɗan. Jikinsa na fitar da wani maiƙo mai wari, har idan iska ta juyo kana iya jin sa kafin ka gan shi.

Kun ga ke nan wurin da dabba take shi ma shaida ne. Wanda ya fito shi kaɗai daga duhuwar bakin rafi, ja mai ratsin fari da ɗigo-ɗigo a cinya, ya yi haushi sau ɗaya irin na kare ya koma, mazo ne. 'Yar ƙaramar da ta zabura daga gindin kalgo, ta yi nan ta yi can ta nutse cikin ciyawa kafin ka ɗaga waya, gada ce, wadda muke ji a tatsuniya. Ɓauna ba ta ɓuya ga kowa, sai dai a san cewa tamu ta Afirka ta Yamma ba ta kai baƙar nan ta Kenya da Tanzaniya da ake nunawa a talabijin girma ba, kuma a garke ɗaya za ka ga baƙa, ka ga ja. In tsohon namiji ne shi kaɗai, carki na bin bayansa, ku zauna a mota lafiya.

A sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan yake fitowa da zafin digiri 31 rani da damina, akwai dabbar da kowa ke rainawa don ta yi yawa, wato gadu. Ku ba shi minti biyar. Zai durƙusa a kan ƙafafunsa na gaba yana tafiya a haka yana tumɓuke saiwar ciyawa da hanci, gwiwoyin duk sun yi kanta. Namiji na da ƙullutu huɗu manya a fuska, na mace ba su kai haka ba. Da ya tsorata sai wutsiya ta miƙe sama tsaye, 'ya'yan su jeru a bayan uwar kowanne da tasa a sama. Ramin da yake kwana yawanci dabgi ne ya haƙa, kuma da baya yake shiga don haurensa ya fuskanci ƙofa. Gwaggon biri kuwa ba sai an gabatar da shi ba, shi zai gabatar da kansa, ya tafi da burodin da ka ajiye a bakin taga. Wanda ya cancanci a neme shi shi ne jan biri, mai dogayen ƙafafu, wanda ya fi son ƙasa da bisa, kuma a duk birai babu mai gudunsa, yakan kai kilomita 55 a sa'a.

To giwa fa? Kiyasin da aka fi ambata shi ne tsakanin 100 da 150 suka rage a Yankari, a daji mai wannan faɗin, don haka ana iya wuni ba a haɗu da su ba. Amma giwa ba ta wucewa ba ta bar labari ba. Na ga wani ɗan rakiya ya sa an tsayar da mota a kan turɓaya, ya sauka ya tsuguna gaban tulin kashinta, ya fasa ɗaya da sanda. Cikin da ɗanshi, ga ƙwallayen aduwa ba su narke ba, ƙudaje sun fara taruwa. Ya nuna sawun, ya ce: "Yallaɓai, kewayayyen nan na gaba ne, mai ɗan tsawon nan na baya. Ga kuma ƙanana a tsakiya, akwai 'ya'ya, ba su yi nisa ba." Masu aikin daji suna da lissafi: ka auna kewayen sawun ƙafar gaba ka ninka biyu, ka sami kusan tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Idan Allah ya haɗa ku, dubi goshi daga gefe. Na toro a mulmule yake, na mace yana da kusurwa, kuma tsohuwar mace ce ke jan garke.

Zaki kam a rage buri. Waɗanda suka saura a Najeriya baki ɗaya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Sawunsa ma ana yawan rikita shi da na kura, alhali bambancin a fili yake: zaki na tafiya da faratansa a ciki, ba sa fitowa a ƙasa, na kura kuwa kowane yatsa da alamar farce a gabansa. Farin kashi kamar alli a gefen hanya na kura ne, saboda ƙashin da take taunewa. Zakin yankinmu kuma gezarsa ba ta cika yawa ba, ana iya ɗaukar namiji a ce mace ce.

Wani zai ce duk wannan na mene ne, tunda hutu aka je. Ku dubi Nijar. Raƙuman dawan da ke Kure, gabas da Yamai, su ne na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma, kuma a 1996 sun ragu zuwa 49. Masu kula da su ba su tsaya ga sanin cewa raƙuman dawa ne ba, kowanne sun san shi da zanen jikinsa, suna ɗaukar hotonsa, suna sanin wadda ta haihu da wanda ya ɓata. Yau sun haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Mu kuwa in kanki ya ƙare gobe a Yankari, mutum nawa ne cikin masu zuwa za su lura, tunda dama barewa suke ce masa?

Wanda ke da niyya, daga Fabrairu zuwa Afrilu ne ciyawa ta fi kwantawa, dabbobi kuma suka fi matsowa bakin ruwa. Ku shiga motar sassafe, ku rage hira, ku roƙi direba ya kashe inji idan an tsaya. Kafin ku sa hoto, ku tambayi ɗan rakiya sunan abin da kuka ɗauka. Wanda kuma Allah ya bar masa tsohon mafarauci a gida ko a unguwa, don Allah ya kai masa hotunan ya ji ta bakinsa.