Kwanakin Azumi a Makoɗa: Wa Ya Ce Eh a Madadinmu?

Talata, 18 ga Maris 2025 (18 ga Ramadan)

Labari biyu daga Abuja a yini ɗaya. Da rana Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudirorin haraji guda huɗu karatu na uku, ta wuce da su. Bayan an sha ruwa kuma Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jihar na wata shida. Na biyun ne ya cinye hirar bayan asham. Ni na farkon ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne zai shigo har cikin tukunyarmu.

Tun Oktoban bara ake ta wannan tirka-tirka. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna sun ce ba su yarda ba, malamai sun hau mumbari, babu majalisar da ba a tattauna ba daga Koguna har Satame. Abin da ya tayar da hankali shi ne rabon harajin VAT: an so a ware kashi 60 cikin ɗari na rabon jihohi gwargwadon inda kuɗin ya fito, a kuma ɗaga harajin daga kashi 7.5 zuwa 10, ya yi ta hawa har 15 a 2030. Wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi ya sauka daga nan. Haraji ya tsaya a 7.5, rabo ya koma kashi 50 daidai wa daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. An kuma gyara sashen da mutane suka ji tsoron zai taɓa dukiyar gado.

To madalla. Amma wakilinmu na Ɗambatta da Makoɗa, Injiniya Hamisu Ibrahim Chidari, a wane gefe muryarsa ta faɗa? Babu takardar majalisa da za ta nuna, ba nasa ba, ba na sauran 'yan Kano 23 ba. Da murya aka yi, kuma murya ba ta da suna.

Laraba, 19 ga Maris

Majalisun biyu sun ɗage maganar Ribas zuwa gobe, amma har an rantsar da kantoman riƙo, tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas. Zafi ya yi tsanani, amalanken da ke kai taki gona ma sai da yamma suka fito.

Da dare a teburin mai shayi musu ya koma kan Sanata Barau Jibrin. Shi dai an san inda ya tsaya a wasu wurare, domin kujerar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa ba ta ɓuya. Shi ne a kan kujera a ƙarshen Nuwamba ranar da aka shigo da Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin gyaran haraji, da mutanensa zauren majalisa don su yi bayanin ƙudirorin, Sanata Ndume ya tashi ya ce ba a bi ƙa'ida ba. Da aka yi karatu na biyu Arewa ta yi masa caa, ya fito a kafafen labarai ya ce karatu na biyu ƙofa ce ta jin ra'ayin jama'a, ba amincewa ba ce. A farkon Disamba kuma shi ya sanar da a dakata har a sasanta da ɓangaren zartarwa. Masoyansa na cewa dabara ce ta dattijo, ga shi ta haifar da gyara, su kuma ƙara da Hukumar Raya Arewa maso Yamma da ya ɗauki nauyin ƙudirinta, aka sa wa hannu a Yulin bara. Masu jar hula na cewa sai da ya ji wuta ya ja baya.

Na fi jin daɗin wannan musun a kan wanda sojojin baka ke yi a rediyo. Ko ba komai ana jayayya ne a kan abin da mutum ya yi a idon duniya, da rana da wata.

Alhamis, 20 ga Maris

Yau na ga abin a wayar ƙanina, mun haɗa kai a inuwar darbejiya, hoton na yankewa yana dawowa.

Sashe na 305 na kundin tsarin mulki bai bar wurin kame-kame ba: dokar ta-ɓaci ba ta ɗorewa sai kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowace majalisa sun goyi baya. Dukansu, ba waɗanda suka halarta kaɗai ba. Wato mutum 240 cikin 360 a Majalisar Wakilai, 73 cikin 109 a ta Dattawa. Wannan lissafi ne, kuma lissafi sai da ƙirga. Kakakin Majalisa Tajudeen Abbas ya ce mutum 243 sun sa hannu a rajistar halarta. Wasu 'yan majalisa sun nemi a ƙirga kawuna, ba a yi ba. Aka ce masu goyon baya su ce eh, zaure ya amsa, aka buga guduma. Dattawa kuwa sai da suka rufe ƙofa suka yi zaman sirri, sannan suka buɗe, shugabansu Akpabio ya tambaya, aka amsa da murya, shi ma ya buga tasa.

Ko an yarda da 243 ɗin nan, mutum huɗu kacal ne za su ƙi, adadin ya rushe. Ta yaya kunne zai tantance mutum huɗu a cikin amon ɗaruruwa?

Ƙanina ya ce, "Yaya, kai me ya dame ka da Ribas? Ko hanyar ba ka sani ba." Na ce masa da sunanmu aka amsa. Kuma Kano ba ta rasa rigimar da wani zai iya fakewa da ita gobe ba, ga sarki biyu a gari ɗaya tun watan Mayun bara. Ranar da abin ya zo kanmu, da wannan muryar za a yanke.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mu ba haka ake yi mana ba. Idan jam'iyya ta ce zaɓen fid da gwani ƙato-bayan-ƙato za a yi, a filin firamare muke jeruwa cikin rana, maƙwabcinka na kallon layin da ka bi, surukinka na kallo, mai ba ka bashin taki na kallo. Talaka ya ɗauki wannan nauyi a fili. Wanda aka tura da albashi da alawus don ya kaɗa ƙuri'a, shi ne aka yi wa rumfar da zai ɓuya.

An shiga goman ƙarshe. Tahajjud daren nan.

Juma'a, 21 ga Maris

Bayan an sauko daga masallaci na biya gaishe da Baffa. Na tarar yana gyaran igiyar guga, rediyo a gefensa. Ya ji Kwankwaso ya soki majalisa, ya kuma ji martanin 'yan APC.

"Ɗana, wannan duk hayaniyar manya ce," in ji shi. "Ka tuna 2019? Muka kwana a ƙasar Kano muka tashi a ƙasar Bichi. Wa ya zo ya tambaye ni?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baffa, ai bara an mayar da mu."

"To shi ma wa ya tambaye ni?"

Gaskiyarsa. Majalisar jiha ce ta yi dokar masarautu a Mayun 2019, Ganduje ya sa hannu, Makoɗa ta faɗa cikin ƙananan hukumomin Bichi. Majalisar ce kuma ta soke ta ranar 23 ga Mayun 2024, Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Injiniya Chidari ya daɗe a wannan zaure: ya yi Mataimakin Kakaki, ya zama Kakaki a Disamban 2020 bayan Abdul'aziz Garba Gafasa ya sauka, kafin ya wuce Abuja a 2023. Ba baƙon guduma ba ne. Ya san yadda ake tambayar zaure fiye da kowa a ƙaramar hukumar nan, shi ya sa nake ganin idan akwai wanda ya cancanci a nemi bayani a bakinsa kan ranar Alhamis, shi ne.

Asabar, 22 ga Maris

Ba a ce ƙirgawa ba ta yiwuwa. An taɓa yi, kuma ta yi aiki.

Ranar 15 ga Yulin 2021, lokacin da Ahmad Lawan ke shugabantar Majalisar Dattawa, aka zo kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Aka yi da murya, Sanata Abaribe, shugaban marasa rinjaye, ya ƙi yarda, ya nemi a raba zaure. Aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi nasa. Mutum 52 suka zaɓi a ɗaure hukumar zaɓe da sharaɗin sai hukumar sadarwa da majalisa sun yarda, 28 suka ƙi, 28 ba su nan. Washegari jaridu suka jera sunaye. Waɗanda ba su nan ma sai da suka yi ta bayanin inda suka tafi. Ba a cika wata uku ba, a Oktoba, majalisar ta janye, ta bar wa hukumar zaɓe ikonta. Hujja ba ta canza ba tsakanin Yuli da Oktoba. Sunaye ne suka fita.

Haka a 2006, da Shugaban Majalisar Dattawa Ken Nnamani ya bari aka haska muhawarar tazarcen Obasanjo kai tsaye a talabijin, waɗanda aka ƙirga a cikin masu goyon baya da yawa sun sauya harshe da suka ga na'urar ɗaukar hoto. Kuma na'urar kaɗa ƙuri'a ba baƙuwa ba ce a zauren, da ita suka yi gyaran tsarin mulki a Maris 2022. A Amurka ɗan makaranta ma zai shiga intanet ya ga yadda wakilinsa ya yi a manyan ƙudirori. Mu a nan, har taken ƙasa aka canza a Mayun bara cikin 'yan kwanaki, ba wanda zai nuna maka jerin masu so da masu ƙi.

Lahadi, 23 ga Maris

Kasuwar Ɗambatta. Albasa da tumatir na masu noman rani sun cika gefen titi, masu sayen kayan sallah sun fara turereniya a layin yadi. A rumfar da na zauna hira ɗaya ce: wane ɗan siyasa ya raba kayan azumi, buhu nawa ya iso mazaɓa, wa ya karkatar. Na jefa tambayar ƙuri'ar Alhamis, wani dattijo mai sayar da igiya ya dube ni ya ce, "Malam, wanda ya kawo transifoma shi na sani. Eh ɗinsa ba ta kunna mini fitila."

Ban raina maganarsa ba. Mutumin da gwamnati ba ta taɓa isowa ƙofarsa ba sai ta hannun ɗan majalisa, dole ya auna ɗan majalisa da rijiyar burtsatse da babur da takardar ɗaukar aiki. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun koya musu cewa ba za mu taɓa tambayar aikin da aka zaɓe su dominsa ba, su kuwa suka ji daɗin darasin. Kuɗin da ake saya mana shinkafar, da wanda ba ya isowa asibitin Koguna, duk a irin waɗannan eh ɗin ake yanke rabonsu.

A mota kan hanyar dawowa aka karanta mana sanarwar Sanata Aminu Waziri Tambuwal. Ya ce yana cikin zauren, kuma a ganinsa ba a kai mutum 73 ba. Tsohon Kakakin Majalisar Wakilai ne, ya san ƙirga. Masu kare majalisa za su ce ɗan adawa ne. Da an kira sunaye, da ba a buƙaci a gaskata kowa ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na rubuta wasiƙa zuwa ga wakilinmu, da ladabin da ya dace da babba. Na tambaye shi ko yana cikin 243 da suka sa hannu, da abin da ya amsa. Na tambayi matsayinsa kan rabon VAT kafin gyara da bayansa. Na kuma roƙe shi, shi da ya taɓa riƙe guduma, ya kawo ƙudirin da zai wajabta kiran sunaye a duk inda tsarin mulki ya ambaci adadi, da duk dokar haraji da ta cin bashi. Malaman makarantarmu biyu sun sa hannu, ɗaya ɗan APC ne, ɗaya mai jar hula. Na ukun ya ce a bari sai bayan sallah, yana da ɗa da ke neman aiki.

Na yi kwafi na biyu zuwa ofishin Sanata Barau, tunda shi ke shugabantar kwamitin gyaran tsarin mulki na Majalisar Dattawa, kuma ƙudirorin harajin yanzu a gabansu suke, ba su kaɗa ƙuri'ar ƙarshe ba tukuna. Ƙanina zai shiga Kano ranar Laraba, shi zai kai duka biyun.