Ina Sauran Ukun?

A Nasarawo, ranar da makarantu ke ba da hutu, tafiyar yaro kaɗai ta isa ta gaya maka abin da ke cikin katin sakamakonsa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya ci 97, ya kuma san tambayar da ke jiransa a zaure: "Ina sauran ukun?"

Iyayenmu ba mugunta suke yi ba. Kunya ce ke hana su yabon ɗa a gabansa, musamman ɗan fari, wanda a gidajen Fulani da Hausawa da yawa uwa ko sunansa ba ta kira. Kuskure ake faɗa da baki, yabo kuwa sai a bayan ido, wurin maƙwabta. Yaro ya tashi yana zaton ƙaunar gida ma sai an ci jarrabawa ake samunta.

Yanzu kaya ya ƙaru: boko da safe, Islamiyya da yamma, hadda, sannan JAMB mai maki 400 da burin likitanci a Jami'ar Jihar Gombe. A 2022 Thomas Curran da Andrew Hill sun wallafa bincike kan ɗaliban Amurka, Kanada da Birtaniya, suka ga yawan burin iyaye na tafiya tare da ɗabi'ar ƙin yafe wa kai kuskure.

Akwai wata yarinya a layinmu da ke yage shafi ɗungurungum idan harafi ɗaya ya karkace. Mahaifiyarta na alfahari da tsaftar rubutunta. Malaminta kuwa ya ce yanzu ba ta ɗaga hannu a aji, don kada ta faɗi ba daidai ba.