Kuskuren da Ba Ya Ihu

Majinyacin da ake yi wa gashin cutar daji ba ya jin komai a lokacin da hasken radiyeshan ke ratsa jikinsa. Babu zafi, babu jini. Ko an ba shi daidai, ko an ninka masa, haka zai sauko daga gadon na'ura ya yi godiya ya tafi gida. Wannan shirun shi ne babban hatsarin wannan magani, kuma abin da ya faru a Panama ya nuna hakan ƙarara.

Tsakanin Agustan 2000 da Maris ɗin 2001, majinyata 28 a Cibiyar Cutar Daji ta Ƙasa da ke birnin Panama suka sha radiyeshan fiye da kima. Suna fama ne da sankarar bakin mahaifa ko ta furostet. Domin kare lafiyayyun gaɓɓai, akan jera tubalan ƙarfe a kan hanyar hasken, sai manhajar kwamfuta ta lissafa tsawon lokacin da za a kunna na'urar. Manhajar tubala huɗu kawai take karɓa, likitoci kuwa biyar suke so. Sai masanan fiziks na asibitin suka samo dabara: suka zana tubalan a matsayin siffa guda. Kwamfuta ta karɓa ba tare da gargaɗi ba, amma idan aka bi wata hanyar zane, sai ta ba da lokacin da ya kai kusan ninki biyu. Ba wanda ya ɗauki alƙalami ya sake lissafin da hannu.

Da yake gashi kashi-kashi ake yinsa, kullum kaɗan har tsawon makonni, kuskuren ya riƙa maimaituwa kowace rana. A Nuwamba likitoci suka lura da gudawar da ta ƙi tsayawa a jikin wasu majinyata. To, ita gudawa sananniyar illa ce ta gashin ƙasan ciki, don haka ɓarnar ta fake a bayan abin da aka saba gani. An duba takardu, amma ba a tuhumi lissafin kwamfutar ba sai a Maris. Lokacin da ƙwararrun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya suka iso a Mayun 2001, takwas daga cikin majinyatan sun riga sun rasu.

Daga baya kotu ta yanke wa biyu daga cikin masanan hukuncin ɗauri. Sai dai hukunci ba ya toshe ƙofar da kuskuren ya bi. Abin da ke toshe ta tsari ne: a gwada duk sabuwar dabara a kan ma'auni kafin ta taɓa jikin mutum, wani ma'aikaci daban ya sake kowane lissafi, a kuma auna abin da ya isa fatar majinyaci tun ranar farko. Majinyaci ba shi da hanyar sanin an ninka masa. Ya miƙa jikinsa ne bisa amana, da zaton akwai wanda ya sake dubawa.