Doguwa Ko Gajera: Zance A Wata Maƙera Ta Ƙasar Madobi

Wanda ya bar Kano ta hanyar Panshekara ya nufi Madobi a tsakiyar rani, ƙasa iri biyu zai gani a tafiya ɗaya. A kan tudu sai karan dawa da ƙura da awaki suna kalen abin da damina ta bari. Da ya gangara bakin kogin Challawa sai idonsa ya faɗa kan kore shar, injinan ban-ruwa suna ta kuka tun daga hantsi. In ya ƙara gaba zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, nan ne zai tarar da manyan magudanan da ke jawo ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan nan shi ya mayar da yankin rumbun shinkafa da alkama da tumatir, har Kwanar Gafan ta zama suna a bakin direbobin da ke lodi zuwa Legas.

Ba noma ne ya kai ni ba. Maƙera na je nema, domin na daɗe ina son jin yadda sana'ar da ta girmi jirgin ƙasan da ya ratsa Madobi take rayuwa a zamanin walda da injin casar shinkafa. Na sami wani dattijo a rumfarsa a gefen gari, jikansa yana kan zuga-zugi, shi kuma yana gyara bakin lauje a kan uwar maƙera. Garma da fartanya da magirbi suna jingine, ga kuma kan wani injin ruwa da aka kawo a duba. A can lungu na hango wata doguwar bindigar toka, an ɗaure kotarta da fata, layu biyu suna reto a jiki. Na ce, "Baba, ita ma aikinka ce?" Ya yi murmushi, ya ce ta wani maharbi ce, gado ce daga mahaifinsa, kotar ce ta tsage aka kawo ɗauri.

Daga nan zance ya buɗe. Ya ce a tasowarsa maƙeri bai ɗauki adaka abin ɓoyo ba. Maharbi yana zuwa da ita da rana tsaka, mai unguwa ya san shi, Sarkin Maƙera ya san wanda ya taɓa ta. Abin da ya sauya, in ji shi, shi ne irin masu zuwa da irin abin da suke tambaya. Yanzu yaro ne zai zo bayan magariba, ba ɗan garin ba, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya rage murya ya tambayi ko ana yin gajera. Shi dai amsarsa ɗaya ce, ya nuna masa hanya. Hujjarsa kuwa ta tsaya mini a rai: doguwa ba ta ɓuya, duk wanda ya saɓa ta gari ya gan shi, ita ce shaidar kanta. Gajera a ƙarƙashin riga take kwana, kuma ba a harbin zomo ko fakara da ita. Wanda ya nemi gajera, mutum yake nufi.

Dattijon nan bai taɓa buɗe littafin doka ba, amma abin da ya faɗa shi ne ƙashin bayan Dokar Makamai ta 1959 da Nijeriya ke aiki da ita har yau. Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsa aka sa ƙananan bindigogin hannu duka, har da irin na dā masu ƙanƙara, tare da makaman soja. Kashi na biyu, irin su bindigar farauta ta Bature, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da izini. Na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka da danginta, waɗanda lasisinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ƙira da harhaɗawa da gyara ma ba a bar su sake ba, sai da izini, kuma kashi na uku kaɗai aka buɗe wa maƙeri ƙofar neman izinin ƙerawa. Wanda aka kama da gajera ba takarda yana iya share shekara goma a gidan yari. Ashe tsawon bututu da yadda ake ɗura shi su ne iyaka tsakanin maharbi da mai laifi, a wurin maƙeri da wurin alƙali baki ɗaya.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada, kuma magadansu ne muke jin rugugin albarushinsu a Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Turawa da suka zauna a Brussels a 1890 sun yi yarjejeniyar hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ƙanƙara. Amfanin hakan ya bayyana bayan shekara goma sha uku, lokacin da rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji, nan maƙwabtan Madobi, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Tun daga ranar adaka ta sauka daga makamin yaƙi ta koma abokiyar maharbi da mai gadin gona da ɗan bindigar sarki.

Da na tashi daga maƙerar na bi ta Kura zuwa Bunkure, ina tafe ina juya maganar dattijo cewa doguwa shaidar kanta ce. A ƙasar Bunkure ne wannan magana ta gamu da abin da ya karya ta. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, wasu mafarauta suka taso daga Fatakwal a babbar mota za su dawo gida. A Uromi ta Jihar Edo 'yan banga suka tare motar, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane. Mutum goma sha shida aka kashe, da yawansu 'yan ƙauyen Torankawa ne na Ƙaramar Hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya tako har Kano ta'aziyya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya raka shi ƙauyen. Bindigar da a gida take nuna wa kowa cewa mai ita maharbi ne, ɗan maharbi, ita ce a wancan gari ta zama hujjar kisa. Shaidar da ke aiki a inda mai unguwa ya san kakanka ba ta tsallaka Kwara.

Ba na cewa takarda za ta kashe wutar taron da ya riga ya haukace. Amma ina ganin laifin hukuma a nan babba ne: doka ta tanadi lasisi, sai dai maharbin ƙauye bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, maƙerin da ke masa gyara kuma yana tsoron ko ambaton aikin. Sakamakon haka mai gaskiya da maras gaskiya duk suna aiki a duhu ɗaya. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai tun 2006, wadda ta nemi a san masu ƙira na gida a kuma riƙa sa wa abin da suka ƙera alama. An kafa cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Ina abin da zai hana a sauko da wannan aiki ƙasa, a bi ta hakimi da dagaci da Sarkin Maƙera da Sarkin Baka, a rubuta kowane maƙeri da kowace adaka, a buga mata lamba, mai ita ya riƙe katin da ɗan sandan Edo zai iya karantawa?

Akwai kuma wata guguwa da nake jin tsoron isowarta nan. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta shawarci jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Irin wannan kira yana da daɗi a kunnen wanda aka kore wa shanu, kuma manomin da ya zuba dukiyarsa a kadada biyu ta shinkafa, ɓarawon injin ruwa yana kewaya shi da dare, ba zai rasa jin sa ba. Sai dai adaka harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga, mai AK-47 kuwa harsashi talatin ke cikin gidan harsashinsa. Ƙarfen da ba don wuta aka yi shi ba kuma yakan tsage a hannun mai shi. Duk wanda ya zauna da maharba ya ga mai yatsu uku. Abin da kiran yake haifarwa a zahiri shi ne kasuwa, kasuwar kuma ba dattawan maƙera ke cin ta ba. Samari ne masu injin walda da wayar hannu, waɗanda ba su yi rantsuwa a gaban kowane Sarkin Maƙera ba, kuma kuɗin gajera ɗaya ya fi na lauje nesa ba kusa ba.

A Kura na tsaya sallar la'asar kusa da masu casar shinkafa. Layin shagunan walda ya miƙe a bakin titin Zariya, tartsatsi yana tashi, yara 'yan shekara goma sha biyar suna haɗa ƙofofi da kurar ruwa da ƙafafun injin casa, hannunsu ya faɗa ƙwarai. Na ƙirga shago goma sha ɗaya kafin in kai tasha.