Takardar da ke cikin adakar Hajiya

1/ Hutun da ya wuce ina gida Kanya Babba rigimar gona ta taso tsakanin Baffana da jikokin ƙanin kakanmu. Da abin ya yi zafi, Hajiya ta buɗe adaka ta zaro wata tsohuwar takarda da Larabci, da hatimin alƙali. Ta ce, "Kai ɗan boko, karanta mana." Wallahi na kasa. Ku biyo ni.

2/ Liman ne ya karanta. Hukuncin rabon gado ne na zamanin En'e, a ƙasa an rubuta ushirar da aka biya. Na ce to, aljihun wa ta shiga? Da na koma makaranta na bi diddigi.

3/ Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Lugga ya bar su, amma ya sa musu linzami: Razdan na iya duba hukunci, an hana yanke hannu, kisa kuma sai Gwamna ya amince.

4/ A da alƙali da ushira da kyaututtuka yake rayuwa. Sai aka kafa baitulmali, Katsina ta fara, Kano ta biyo. Alƙali da muhuti da magatakarda suka koma kan albashi, kuɗin kotu na shiga baitulmali. Aka kasa kotuna daraja A zuwa D. Ashe nan ushirarmu ta tafi.

5/ Ma'aikatan ma an sake musu tarbiyya. An buɗe makarantar Shahuci a 1928, sai makarantar shari'a ta Kano a 1934 da malamai daga Sudan. Dokar Penal Code ta 1960 ma samfurin Sudan ce. A Bahrain kuwa, Charles Belgrave ya yi mashawarcin sarki daga 1926 zuwa 1957, har zaman kotu yake yi da kansa.

6/ Ni da nake cika baki a nan cewa Bature bai bar mana komai ba sai ɓarna, yanzu bakina ya yi nauyi. Rajista da hatimi sun yi rana. Amma alƙalin da ya san Razdan na iya juya hukuncinsa, wa zai fi jin tsoro? A 1968 aka karɓe kotunan daga hannun sarakuna, gwamnati ta riƙe. Mai biyan albashi ya canza, tambayar na nan.

7/ Af, takardar fa ba mu ta ba wa gaskiya ba. Kadadar da Baffa yake nomawa shekara da shekaru tasu ce. Hajiya ta sani, duk da haka ta fito da ita. Baffa ya yi kwana uku ba ya shiga ɗakinta, daga baya ya sakar musu.

8/ Ni dai na koma ɗaukar karatu gun Liman. Ku ma ku tambayi tsofaffinku me ke cikin adaka, tun suna raye.